Wa Ke Biyan Kuɗin Gafara? Tarke a Kan Les Misérables na Victor Hugo

Mun tashi muna jin ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na daɗe ina ɗaukar ƙagaggen labarin Victor Hugo mai suna Les Misérables, wato waɗanda duniya ta wulaƙanta, a matsayin doguwar shaida ga wannan karin magana, domin haka taƙaitaccen bugun da na fara karantawa ya nuna shi: malamin coci ya yafe wa ɓarawo, ɓarawo ya shiryu, labari ya ƙare. Sai da na zauna da cikakken littafin mai sassa biyar na gane cewa masu taƙaitawa sun rage wa marubucin daraja, sun kuma rufa masa asiri. Sun rage masa daraja domin gafarar da ya zana ta fi wannan tsauri da haɗari, sun rufa masa asiri domin sun cire wuraren da shi kansa ya kau da kai daga mutanen da gafarar ta ci da guminsu. A kan waɗannan abubuwa biyu wannan tarke zai tsaya.

Littafin ya fito a 1862, lokacin da Hugo ke zaman gudun hijira a tsibirin Guernsey saboda adawarsa da Sarki Nafoliyon na Uku. Shi ba mutumin coci ba ne. A wasiyyarsa ya ƙi yarda kowace coci ta yi masa addu'a, ko da yake ya tabbatar da cewa ya yi imani da Allah, ita kuma Cocin Katolika ta saka wannan littafi cikin jerin haramtattun littattafanta a 1864. Duk da haka marubucin Rasha Tolstoy ya lissafa shi cikin mafi ɗaukakar ayyukan adabi da suka tsiro daga ƙaunar Allah da ta maƙwabci. Wannan saɓani ya isa ya sa manazarci ya tambayi abin da ke cikin littafin da har hukumar coci ta ji tsoronsa, alhali zuciyarsa koyarwar Linjila ce.

Labarin ya buɗe a 1815 a garin Digne na kudancin Faransa. Jean Valjean, talaka mai sana'ar datse rassan itatuwa, ya fasa tagar mai burodi ya ɗauki burodi ɗaya domin 'ya'yan 'yar'uwarsa su bakwai. Aka yanke masa shekara biyar, yunƙurin gudu har sau huɗu ya mayar da su 19 a kurkukun Toulon. Ya fito da takardar shaida mai ruwan ɗorawa wadda ke sanar da kowa ko shi wane ne, saboda haka masaukai suka kore shi, har ɗakin kare bai samu ya kwana ba. Bishop Myriel ne ya buɗe masa ƙofa, ya zaunar da shi a kan teburinsa, ya sa aka fito da cokulan azurfa da ake fitarwa don baƙi, ya yi masa magana da lafazin girmamawa. Cikin dare Valjean ya kwashe azurfar ya tsere. Da safe jandarmomi suka dawo da shi, sai Bishop ya gaskata ƙaryar da ya yi musu cewa kyauta aka ba shi, ya kuma ɗauko maɗoran kyandir biyu na azurfa ya miƙa masa, kamar yana yi masa faɗan ya manta da su.

Kalmomi uku da Kiristoci masu magana da Hausa ke amfani da su duk suna cikin wannan fage, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Gafara ita ce Bishop ya saki haƙƙinsa na cokulan. Jinƙai shi ne ya tsaya tsakanin Valjean da ɗaurin rai da rai da ke jiran wanda ya sake aikata laifi. Alheri kuwa, a ma'anarsa ta tauhidin Kirista, shi ne a ba mutum abin da bai cancanta ba, bai kuma roƙa ba, wannan shi ne maɗoran kyandir. Mai karatun da ya san Linjila zai tuna koyarwar Yesu ta kan dutse game da wanda aka ƙwace wa riga ya ƙara da mayafi, zai kuma tuna misalin ɓataccen ɗa a Luka sura 15. Amma Hugo ya wuce misalin da taki ɗaya. Ɓataccen ɗa ya riga ya yi nadama ya kama hanyar gida kafin ubansa ya rungume shi. Valjean bai tuba ba, bai nemi afuwa ba, a hannun hukuma aka kawo shi, kuma daren jiya ya tsaya a kan Bishop yana barci, da ƙarfe a hannunsa, yana wasiwasin fasa masa kai. An yafe masa tun yana cikin laifinsa. Wannan shi ne ginshiƙin littafin: a wurin Hugo gafara ce ke haifar da tuba, tana riga ta zuwa.

Wasu matarka na ganin Bishop Myriel ya yi tsarki fiye da yadda mutum zai iya, kuma babi 14 da Hugo ya ɓata a kansa kafin Valjean ya bayyana ɓata lokaci ne. Ban yarda da su ba a kan batun tsawon. Da a ce ba mu ga Bishop ya bar fadarsa ga marasa lafiya ya koma ƙaramin ginin asibiti ba, ba mu ga yadda ya raba albashinsa na faranka 15,000 ya bar wa kansa 1,000 kacal ba, ba mu gan shi ya raka wanda aka yanke wa hukuncin kisa har bakin wuƙa ya dawo a girgize ba, da kyautar maɗoran kyandir ta zama abin almara. Hugo ya gina halin mutumin a hankali domin aikin na minti biyar ya samu gindin zama. Ya kuma bar masa rauni ɗaya tak, wato son cin abinci da azurfa, wanda shi da kansa ya amsa cewa zai yi masa wuyar bari. Ke nan abin da ya bayar shi ne abu na ƙarshe da ransa ke so. Gafarar da ba ta ci wa mai yin ta komai ba, ba ta kai a rubuta littafi a kanta ba.

Sai dai a cikin fagen akwai abubuwa biyu da ke damuna. Na farko, Bishop ya yi ƙarya ga hukuma. Hugo ya yi ƙoƙarin sassauta wannan da ya sa shi ya gaya wa mai aikin gidansa, Madam Magloire, tun kafin jandarmomi su iso, cewa azurfar ta matalauta ce tun asali, shi ne ya riƙe ta ba bisa haƙƙi ba. Hujjar na da daɗin ji, amma ba ta mayar da sata kyauta ba, kuma manyan malaman coci irin su Agustin sun hana ƙarya ko da don ceton rai. Hugo ya san haka, shi ya sa ya maimaita abin a gaba ta bakin Sista Simplice, wadda aka san ba ta taɓa ƙarya ba, amma ta yi wa Javert har sau biyu don ta ɓoye Valjean. Marubucin na nufin cewa idan doka ta zama azzaluma, jinƙai ba ya samun hanyar wucewa sai ta ɓarauniyar hanya. Ina jin a nan ne hukumar coci ta ga haɗarin littafin. Na biyu, Bishop bai saki Valjean haka kawai ba. Ya raɗa masa cewa kada ya manta ya yi alkawarin zama mutumin kirki da wannan azurfa, alkawarin da Valjean bai taɓa yi ba, ya kuma ce ya sayi ransa ne ya miƙa wa Allah. Kalmar saye ce, kalmar kasuwa. An kwance wa mutumin sarƙar Toulon an ɗaura masa wata da ba a gani, wadda zai ja har kabarinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne babin da na fi ɗauka da muhimmanci a littafin baki ɗaya, kuma shi ne wanda masu mayar da labarin wasan kwaikwayo suka fi yawan tsallakewa. A yammacin ranar da aka yafe masa, Valjean na zaune a bakin hanya cikin ruɗani, sai ga wani yaro ɗan yankin Savoie mai kimanin shekara goma, Petit-Gervais, yana tafe yana wasa da 'yan kuɗinsa. Tsabar faranka biyu ta faɗi, Valjean ya take ta da ƙafa. Yaron ya roƙa, ya yi kuka, Valjean ya daka masa tsawa ya gudu. Mutumin da ke ɗauke da jakar azurfa ya ƙwace wa yaro abin da ya tara. Sai bayan yaron ya ɓace ya ga kuɗin a ƙasa, ya bi hanya yana ƙwala kiran sunansa, bai same shi ba, ya durƙushe ya yi kukan da bai yi ba cikin shekara 19. Gwanintar Hugo a nan ita ce ya ƙi yarda alheri ya yi aiki kamar tsafi. Alherin Bishop bai gyara Valjean nan take ba, fitila ya kunna masa, kuma sai da ya sake aikata mugunta a cikin hasken fitilar ya ga kamanninsa. Amma a lura da wanda ya biya kuɗin wannan darasi. Bishop ya yafe abin da yake nasa. Yaron ba a tambaye shi ba, bai yafe ba, ba a kuma mayar masa da kuɗinsa ba. Daga baya, duk yaron Savoie da ya ratsa garinsa Valjean kan sa a kira shi ya tambayi sunansa ya ba shi kuɗi, amma Petit-Gervais bai sake bayyana ba. A Luka sura 19, Zakka mai karɓar haraji da ya tuba ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. Hugo ya hana tauraronsa wannan sauƙi, kuma na yaba masa, domin a rayuwa ma sau da yawa wanda aka zalunta ya riga ya yi nisa kafin nadama ta zo.

Fantine ita ce ta biyu da ta biya. Valjean ya koma garin Montreuil-sur-Mer da sunan Madeleine, ya kafa masana'antar baƙaƙen duwatsun ado, ya arzuta gari, ya zama magajin gari. Ya raba maza da mata a wurin aiki, ya kuma shimfiɗa sharaɗin tsarkin ɗabi'a a kan mata. Da 'yan gulma suka tono cewa Fantine na da 'ya ba ta hanyar aure ba, shugabar sashen mata ta sallame ta da sunan magajin gari, shi bai sani ba. Daga nan ta sayar da gashinta faranka goma, haƙoranta biyu na gaba faranka 40, a ƙarshe ta sayar da mutuncinta, duk don ta aika wa Thénardier kuɗin riƙon 'yarta Cosette. Wanda aka yafe wa sata ya gina gida inda ba a yafe wa mace kuskure ɗaya ba. Wannan ya yi kusa da misalin bawan da aka yafe wa bashi mai yawa ya shaƙe abokinsa a kan kaɗan, a Matiyu sura 18, sai dai Valjean bai yi da gangan ba. Ya ƙwace ta daga hannun Javert bayan ta tofa masa yawu a fuska, ya kai ta jinya, amma ta mutu ba ta ga 'yarta ba, aka binne ta a kabarin gayya na matalauta. Ina ganin Hugo ya yi saurin wanke tauraronsa a nan. Ya jingina laifin ga gulmar mata da muguntar al'umma, bai tsaya ya tuhumi dokar da Valjean ya kafa da hannunsa ba, alhali ita ce wuƙar da aka yanka Fantine da ita.

Inda littafin ya nuna nauyin alheri a kan wanda ya karɓe shi kuwa, babu abin da zan ce sai yabo. A 1823 aka gurfanar da wani tsoho, Champmathieu, a kan satar reshen tuffa, aka ce shi ne Valjean. Shiru kawai magajin gari zai yi ya tsira har abada, kuma yana da hujjoji masu ƙarfi: ma'aikata ɗaruruwa sun dogara da shi, Fantine na kwance, Cosette na jira. A daren da ya kwana yana kokawa da zuciyarsa, ya ƙone tsofaffin kayansa na fursuna, har ya kai maɗoran kyandir bakin wuta. Washegari ya tafi kotun Arras ya tona wa kansa asiri. Bishop ya rasu tun 1821, babu mai bin sa bashin alkawarin, amma bashin ya ƙi mutuwa.

Javert shi ne wanda aka yi wa jinƙai ya kashe shi. Kuskure ne a karanta shi a matsayin mugu. A kurkuku aka haife shi, uwarsa 'yar duba ce, ubansa fursuna, ya kuma tsamo kansa daga wannan ƙazanta ta hanyar riƙe doka da hannu biyu. Aƙidarsa ita ce hali zanen dutse ne, ɓarawo ɓarawo ne har ya mutu. Ba ya cin hanci, ba ya kuma sassauta wa kansa: da ya zaci ya yi kuskuren zargin magajin gari, da ƙafarsa ya je ya nemi a kore shi daga aiki, ya ƙi karɓar afuwa, domin a ganinsa kirki irin wannan shi ke lalata al'umma. A tawayen Faris na watan Yuni 1832, 'yan tawaye suka kama shi yana leƙen asiri, Valjean ya nemi a ba shi shi ya kashe, ya ja shi bayan shinge ya yanke igiyar da aka ɗaure shi, ya harba bindiga sama, har ya faɗa masa adireshin gidansa. Wannan jinƙai ya fi na Bishop tsarki ta fuska ɗaya, domin babu sharaɗi a cikinsa, babu maganar sayen rai. Da Valjean ya fito daga magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin birni ɗauke da Marius a sume, ya faɗa hannun Javert, sai Javert ya samu kansa yana sakin mutumin da ya yi shekaru yana farauta. Ya kama shi ya ci amanar wanda ya bar shi da rai, ya sake shi ya ci amanar doka. Ya shiga ofishin 'yan sanda ya rubuta 'yan shawarwari kan gyaran aiki, mafi yawansu na rage wa fursunoni ƙananan zalunci, sannan ya faɗa kogin Seine. Wannan takarda ta ƙarshe ta fi taɓa ni fiye da mutuwar kanta, domin tana nuna jinƙai ya fara shiga mutumin, amma ba shi da harshen da zai furta shi sai na rahoton ofis. Valjean ya iya karɓar alheri saboda ya san shi mai laifi ne. Javert ya gina rayuwarsa a kan cewa ba a bin sa bashi, saboda haka kyautar rai ta zame masa wulaƙancin da ba zai iya ɗauka ba. A nan Hugo ya kama wani abu da ke tsakiyar koyarwar Kirista, cewa mai ganin kansa adali ya fi mai zunubi wahalar karɓar alheri, kamar yayan ɓataccen ɗa da ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki.

Saura Thénardier, wanda shi ne ya rushe mini karin maganar da na fara da ita. An yi wa wannan mutum alheri ba sau ɗaya ba. Valjean ya biya shi faranka 1,500 ya karɓi Cosette, bai kai shi ƙara a kan azabar da ya gana mata ba. Shekaru bayan haka a Faris ya kai wa iyalinsa sadaka bai gane su ba, Thénardier ya saka masa da tarkon 'yan fashi. A ƙarshen littafin, a 1833, ya je wa Marius da niyyar sayar masa da asirin Valjean, sai maganarsa ta zama ita ce ta wanke Valjean. Marius ya san shi sarai, ya lissafa masa laifuffukansa a fuska, amma maimakon ya miƙa shi ga hukuma sai ya watsa masa kuɗi, ya ƙara masa da takardar faranka 20,000 da zai karɓa a New York, saboda wasiyyar mahaifinsa da ya ɗauka Thénardier ya ceci ransa a fagen yaƙin Waterloo. Gaskiya ne wannan ya fi kama da biyan bashi da korar annoba fiye da gafara, amma sakamakonsa ɗaya ne: mai laifi ya tsira daga hukunci, ya tafi da guzuri. Hugo ya rufe labarinsa da jimla ɗaya, inda ya sanar da mu cewa da kuɗin Marius ya zama mai fataucin bayi.

Ta fuska ɗaya wannan jimla gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ta hana littafin zama tatsuniya. Bishop bai san ko Valjean ne a gabansa ko Thénardier ba lokacin da ya miƙa azurfa, kuma da yana da tabbacin sakamako da abin da ya yi ya zama jari. Ta ɗaya fuskar kuwa, ba zan iya wuce ta da saurin da Hugo ya wuce ta ba. Ba jahilci ya sa shi ba, domin a 1859 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon Amurka kada ta rataye John Brown, mai yaƙi da bauta, kuma littafin ya fito ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Marubucin da ya ba yaƙin Waterloo babi 19, ya ba magudanar ƙazantar Faris tarihi mai zaman kansa, bai ba mutanen da Thénardier zai saya ya sayar ko da sakin layi ɗaya ba. A waɗancan shekaru jirage na ci gaba da kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Brazil da Kuba duk da haramcin da aka yi, kuma cikin waɗanda aka kai Bahia akwai Hausawa. Mai karatu a Faris zai iya ɗaukar jimlar a matsayin zambo na ƙarshe ga wani mugun tauraro, ya juya shafi ya je ya yi kuka a gefen gadon Valjean, inda maɗoran kyandir na Bishop ke ci a karo na ƙarshe. Ni ma na juya shafin, na kuma yi kukan, amma sai da na daɗe a kan waccan jimla ina lissafin mutum nawa faranka 20,000 za ta saya.